Rundunar Aro

Samarin da ke leƙowa shagona a Karama idan sun tashi daga aiki, tambayarsu ɗaya ce: "Baba Sule, wai wannan wasan yaran ne ya riƙe ka shekara ashirin a Dubai?" Sai ɗaya ya ɗauki soja daga kan tebur, ya juya shi, ya ce a waya ya ga ana fenta irinsa cikin minti biyar. Ba na musu. Ina fara karɓe sojan daga hannunsa, don maiƙon yatsa yana ɓata fenti, sannan in ce ya zauna.

Ga sana'ar a taƙaice. Akwai magidanta a garin nan, matuƙa jirgin sama da likitoci da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da ke haɗuwa ranar Asabar su shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur, su jera ƙananan sojojin ƙarfe, kowanne bai kai rabin ɗan yatsa ba, su gwabza yaƙi. Da tef ɗin awo ake tafiyar da runduna, da ƙwayar lido ake sanin wanda kibiya ta samu. Ni ba ɗan wasa ba ne. Ni ne mai sassaƙa sojojin, in zuba su, in fenta su. Zamanin da na ƙware a kansa shi ne ƙarshen zamanin sulke a Turai, shekara ɗari biyar da 'yan kai da suka wuce, lokacin da bindiga ta shigo amma baka da mashi ba su riga sun fita ba.

Aikina na farko shi ne goge mashi ɗari biyu. Na zo daga Fagge da sana'ar rubuta allon shaguna, na yi wa wani tsoho ɗan Goa ta Indiya mai suna Antoni allo, ya daɗe yana kallon yadda na ja layi ba tare da rula ba, sannan ya ce in dawo gobe. Maƙerin zinare ne a Deira, tsohuwar kasuwar Dubai, kafin ya koma zuba kuza. Na zaci burushi zai ba ni. Sai ya miƙo min magagari siriri kamar tsinken tsire da kwali cike da sojoji. Idan an zuba narkakken ƙarfe a mazubin roba, wurin da ɓangarori biyu suka haɗu yana barin zare a jikin soja, daga kwalkwali zuwa takalmi. Wannan zaren na yi wata uku ina gogewa. In na bar ko kaɗan, Antoni ba ya faɗa. Yana shafa farcensa a wurin ne kawai, ya mayar min cikin kwalin. Sai a wata na huɗu na taɓa fenti, sai a shekara ta uku ya bar ni na murza koren danƙon da ake sassaƙa sabon soja da shi.

Kayan aikin ba su da yawa: magagari, allura, wuƙar tiyata, burushi uku, tabarau mai ƙara girma, tukunyar narka kuza, da injin da ke juya mazubi. Duk ana saye a kasuwa. Abin da ba a saye shi ne sanin wace runduna ta dace da wane mutum, kuma nan ne rabin sana'ar take.

Na taɓa yi wa wani likita mahayan Faransa arba'in. Ya gan su a hoto, dawakai cikin tufafi masu launi, kowane jarumi da tambarin gidansu. Wata huɗu na yi a kansu. Amma likitan mutum ne mai taka-tsantsan, wanda ba ya yanka sai ya auna sau uku. Mahayan Faransa kuwa amfaninsu ɗaya, su yi sukuwa su afka. Shi sai ya tsayar da su yana jiran dama, ana harbe su ɗai-ɗai. Bayan wasa shida ya sayar da su, ya daina zuwa gaba ɗaya. Na yi asarar mai saye saboda na ba shi abin da idonsa ya so.

Mai haƙuri, maharban Ingila suka dace da shi: ya kafa turaku a gabansa, ya zauna, ya bar abokin gaba ya zo. Mai zuciya ɗaya, wanda ba ya son dogon tunani, a ba shi 'yan Suwis masu dogon mashi, su tafi gaba kamar bango. Mai tsoron asara yakan so 'yan Bohemiya da ke ɗaure amalanke su ɓuya a baya. Mutanenmu da Larabawa sukan tambayi Mamalik na Masar, kuma suna da kyau, amma suna buƙatar mai iya ja da baya ba tare da ya ji kunya ba, irinsa kuwa ba shi da yawa. Matsalar ita ce ba wanda ya san halinsa. Kowa ya shigo cewa yake shi jarumi ne.

Saboda haka Antoni ya kafa ƙa'ida biyu, na gaje su tare da mazubansa ranar da ya koma gida.

Ta farko, rundunar aro. Akwati biyu ne, ɗaya na 'yan Suwis, ɗaya na maharban Ingila, mafi kyawun abin da hannunsa ya sassaƙa. Duk wanda zai zaɓi runduna, a ba shi ya tafi da su mako biyu, ya yi wasa da wannan, ya yi da wancan. In ya dawo, daga yadda yake ba da labarin wasan za ka gane ko mai jira ne ko mai afkawa.

Ta biyu, ɗigo. Kafin a shafa fentin farko, sai a ɗauki tsinken maƙera a yi 'yan ramuka a ƙarƙashin leɓen kwalkwalin soja ɗaya cikin goma. Kowane mai saye da tsarin ɗigonsa, an zana su da fensir a bayan ƙofar shago. Dalili shi ne, sojan da ka yi wata guda kana sassaƙawa, wani zai iya saye, ya wanke fentin, ya danna shi a roba, ya fitar da dubu. Amma ɗigon zai bi shi cikin kowane kwafi. Antoni yakan ce zinare ya koya masa cewa ɓarawo ba ya shigowa ta taga, yana shigowa ne da sallama.

Shekarar da aka buɗe gari bayan annoba ita ce mummunar shekarata. Wata da watanni ba a haɗu wasa ba, wasu 'yan wasan sun rasa aiki sun bar ƙasar, kuma labari yana ta zuwa cewa ana kwafe aikin ƙananan masu sassaƙa irina a zuba shi da arha. Abin da ya riƙe shagon shi ne 'yan Suwis da maharban Antoni, waɗanda nake aikawa ba fenti zuwa ƙasashe. In aka kwafe waɗannan biyun, na san sai dai in koma rubuta allo.

A cikin wannan shekarar wani mutum ya yi sallama da la'asar. Farar shadda, waya uku a hannu ɗaya. Bitrus yana zaune a shagon, mutumin Jos ne mai gyaran na'urar sanyi, kuma tsohon ɗan wasa da maharban Ingila. Baƙon ya ce sunansa Alhaji Isufu, daga Maraɗi, yana da ofishin kago, na aika kaya gida, a unguwar Butin da ke bakin ruwa.

Bai kalli sojojin yadda ɗan wasa ke kallo ba. Ɗan wasa fuska yake fara dubawa. Shi kuwa ya juya gindin, ya auna nauyin a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Wanga kuza ce zalla ko da gami?"

Na ce da gami.

"Mazubi guda, soja nawa yaka fiddawa kafin ya mutu?"

Na ce ya danganta.

Ya yi dariya. "Malam, ai ba haraji na zo karɓa ba."

Sai ya zaro takarda ya karanto abin da yake so. Maharba goma sha biyu. Masu mashi goma sha biyu. 'Yan bindiga takwas. Mahaya shida. Igwa ɗaya. Kaɗan-kaɗan daga kowane mazubi da nake da shi. Wanda zai yi wasa yakan sayi sittin iri ɗaya. Wanda ke ɗaukar kaɗan daga kowane iri, a kasuwar Deira sunan abin da yake yi tara samfur.

Na ce, "Alhaji, wace runduna ce wannan?"

"Burgundi."

Amsar daidai ce, kuma ita ta fi tayar min da hankali. Basaraken Burgundi na ƙarshe haka ya haɗa rundunarsa: ya yi hayar maharba daga Ingila, mahaya daga Italiya, ya tara masu mashi da 'yan bindiga da igwa. Komai akwai. Amma ba wanda ke fara wasa da ita, don sarrafa ta kamar kora awaki da kaji da jakuna ne ta ƙofa ɗaya. Na yi tunani, da ni ɓarawo ne mai neman samfurin kowane iri, wannan ne sunan da zan haddace kafin in shigo.

Na ce, "Ka san mutumin nan sau uku 'yan Suwis suna karya shi, a na ukun ma can ya mutu?"

"Na sani. Mushenmu na tarihi a lise, wato malaminmu na sakandare, ya ba mu labarinshi, ban manta ba. Mutum ya zaga kasuwanni duka, ya sayi mafi tsada a kowace, ya haɗa, manoma suka zo da sanduna suka watsa shi. Wala, shi ke nan! Ɗan kasuwa ne irina. Ina son in gani ko kayan ne ba su da kyau ko mai kayan."

Bitrus ya yi dariya har da buga cinya. Sannan ya yi abin da ban so ba. Ya ce, "Baba Sule, ka ba Alhaji rundunar aro mana, ya gwada hannunsa tukuna."

Akwatunan biyu suna bayan labule, taku uku daga inda Isufu yake tsaye. Na ce suna hannun wani, ban san ranar dawowarsu ba.

Isufu ya dubi labulen, ya dube ni. Ya ce, "Ba komai. A yi min Burgundi."

Da ya fita Bitrus ya ce, "Baba, ƙarya da rana tsaka, da furfurarka?"

Na ce, "Ɗan kago ne. Wata biyu ka ga kwantena cike da sojan Antoni."

"To ni ma kullum hannuna cikin waya yake, ka taɓa jin na saci lantarki?"

"Ban taɓa bincikawa ba."

Mako goma na yi a kan wannan aikin. Riga rabi shuɗi rabi fari, da jan gicciye a karkace a ƙirji, haka sojojin Burgundi suke. Na yi shi da kyau, don ba na yin mummunan aiki ko ga wanda nake zargi. Amma ban yi ɗigo a soja ɗaya cikin goma ba. Na yi a kowane ɗaya, ɗigo biyar-biyar, har da masu tura igwa. Isufu ya zo ya karɓa, ya fara zuwa wasan Asabar, ana cinye shi kowane mako. Wannan ma ban yarda da shi ba. Na ce yana rufe sawu ne.

Rundunar aro kuwa ta ci gaba da fita yadda ta saba, ga mutanen da na sani shekara da shekaru. Da sanyi ya shigo, 'yan wasan suka kama wata gona a garin Hatta kwana biyu, na ba su akwatunan biyu su tafi da su don sababbin shiga. Suka dawo cif, na ƙirga, na mayar bayan labule.

Wata biyar bayan haka Bitrus ya shigo da safe, ko kayan aiki bai cire ba, ya ajiye leda a kan teburina. Ya ce a wata kasuwa ta bayan gari ya gani, a shagon kayan wasan yara, an rataye su kamar gyaɗa.

Tun kafin in buɗe na gane. Mai mashin Antoni ne, wanda ya durƙusa da gwiwar hagu, mai karyayyen hanci. Ga maharbin da ke lasar yatsa. Sun ɗan ƙanƙance, kamar yadda kwafi yake yi, fuskokin sun dushe kamar sabulun da aka yi wanka da shi, zaren mazubi kuwa ba wanda ya goge. Amma su ne.

Na rufe ƙofa, na sa tabarau, na juya na farko a ƙarƙashin fitila. Ɗigo biyar nake nema. Har na shirya abin da zan faɗa a Butin.

Babu ɗigo. Na juya na biyu, babu. Na zazzage ledar, na bi su arba'in, iri takwas, ɗaya bayan ɗaya. Ba biyar, ba uku, ba ko ɗaya.

Bitrus ya ce, "To me wannan ke nufi?"

Na ɗaga labule. Duk abin da aka ba Isufu yana da alama, don haka ba daga nasa aka kwafa ba. Na sauran masu saye kuwa, da wuya a ce iri takwas aka kwafa ba a dace da mai ɗigo ko ɗaya ba. Wuri ɗaya ne babu alama sam: rundunar aro. Antoni bai taɓa yi mata ɗigo ba, ni ma ban yi ba, saboda ita dawowa take yi.

Na jera su a kan tebur na bi su da tabarau. Guda takwas jan rigarsu ba nawa ba ne. Ni ina fara shimfiɗa ruwan ƙasa kafin in hau da ja, wannan kuwa a kan baƙi aka ɗora shi. An wanke su, an danna su a roba, an sake fenta su, an mayar cikin akwati. Kuma an yi fentin da kyau. Hannun wanda ya daɗe yana riƙe burushi ne, wanda ya san zan ƙirga amma ba zan duba ba.

Bitrus ya ce, "Ana zaton wuta a maƙera."

Na ce ya bar karin magana, ya taya ni tuna waɗanda suka karɓi aro a shekarar. Muka lissafa mutum ashirin da uku, har da duk wanda ya je Hatta. Na rubuta sunan Bitrus a ciki.

"Har ni, Baba?"

"Har kai."

"Ni fa na kawo maka ledar!"

"Shi ya sa na sa ka a ƙasa. Ban ce ka fita ba."

Ya yi kwana tara bai zo shagon ba.

Washegarin ranar da ya kawo ledar na hau jirgin ƙasa zuwa Butin. Ofishin Isufu yana saman wani shagon barguna, tagarsa tana kallon jiragen ruwan katako da ake lodi. Katan ko'ina, kowanne da rubutu da jar alli. Rundunar Burgundi tana cikin kabad ɗin gilashi a bayan kujerarsa, inda wasu ke ajiye kofunan shayi. Na nemi izini na duba. Fentina ne a kan kowanne, ba wanda aka taɓa.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗigon naka suna nan?"

Na ajiye sojan.

"Malam Sule, tun ban yi gemu ba nike sa ma kaya alama. Daren farko na haska su da waya na gani. Biyar-biyar, kowane guda. Na ce wanga bawan Allah ya girmama ni, ɗigo biyu ba su ishe ni ba. Akwatunan ma na gan su ran nan, labulenka bai kai ƙasa ba."

Na gaya masa abin da ya faru, na ce na zo ba shi haƙuri.

"Haƙuri ba shi da nauyi, ba a auna shi a kago. Kai ma da ka yi tunani. In zan cika kwantena, sai in cika ta da rundunar da ba ta taɓa cin yaƙi ba? Wa zai saya?" Ya zuba min shayi. Sai ya daina dariya. "Mutum nawa ke cikin takardar taka?"

Na ce ashirin da uku.

"Da ka ba ni aro ran nan, da ni ne na ashirin da huɗu, kuma da ni ka sa a sama. Ƙaryarka ce ta wanke ni. Kalas, magana ta ƙare. Ka yi min igwa biyu, har yanzu 'yan Suwis ba su bar ni na numfasa ba."

Cinikin 'yan Suwis da maharban bai sake tashi ba. Ba wanda zai aiko daga wata ƙasa ya sayi abin da ke rataye a leda. Na naɗe mazuban Antoni a tsumma na ajiye, na shafe fiye da shekara ina sassaƙa sababbi, ina ci da fenti kawai. Ban koma rubuta allo ba, amma na je na tambayi farashin fentin allo sau biyu.

Ban gano wanda ya yi ba. Cikin ashirin da ukun, tara sun bar ƙasar. Sauran suna nan, ina yi musu aiki, muna gaisawa, wasu sun zo min barka da sallah. Ranar Asabar nakan je wurin wasan in zauna gefen Isufu, in ga ana karya masa Burgundi. Shi yana kallon ƙwayar lido. Ni ina zagaya teburan da ido, ina duba jar rigar da kowa ya fenta da hannunsa, ko a kan baƙi ya ɗora ta. Na samu mutum huɗu masu yin haka. Huɗu ba ɗaya ba ne, don haka ban ce komai ba.

To, saurayi, in ka ce kana son ka zaɓi runduna, ga akwatunan nan, ga tebur, ga tef. Ka yi wasa da mai jira, ka yi da mai afkawa, ni zan zauna in kalla, in gaya maka wanda kai ne. Amma a nan za ka yi. Akwatin ba ya ƙetare wannan ƙofar, sai in Alhaji Isufu ne ya nema, shi kuwa bai taɓa tambaya ba.